Ƙwaryar Baba Ranau da Agogon Kwamiti

Ku zauna tukuna, ku bar taɓa mini injin nan. Tun safe nake jin ku kuna cewa tuƙin jirgi ba wani abu ba ne, a ja igiya a riƙe hannun inji, ruwa ba rami ba gargada ba ɗan sanda. Wancan mai jar hular har cewa ya yi wanda ya shekara uku yana acaɓa a Kumbotso rana ɗaya ta ishe shi ya koya. To madalla. Ni Idi, shekarata talatin da ɗoriya ina tsallakar da mutane a wannan mashigi, daga gaɓar Bunkure zuwa ta Kura, har yau ban gama koya ba, amma ku kafin azahar za ku sauke. Ba zan ba kowa hannun inji ba sai kun ji labarin wancan allon da akuya take kwance a inuwarsa, da ƙwaryar nan da ke rataye a jikin bishiya, da wani mutum mai suna Sale da aka bar mini amanarsa.

Aikin da na fara yi a jirgi kwasar ruwa ne. Maigidana Baba Ranau, wani Bamaguje daga unguwar da ke bayan fadama, ya miƙo mini ƙoƙo ya nuna mini gindin kwale-kwale, bai ƙara da komai ba. Damina biyu ina kwasar ruwa, ina cusa tsumma a tsagar katako ina bi da kwalta mai zafi, kafin ya bar ni na taɓa gora. Lokacin babu inji, gora ce da filafili da ƙarfin kafaɗarka. Shi ya koya mini kallon ruwa: inda ya kwanta luf yana sheƙi, nan zurfi yake, inda kuma yake 'yar rawa wuri ɗaya, akwai kututture a ƙasa. Kun ga can ƙasa inda kogin ya tsuke tsakanin duwatsu? Maƙogwaro muke ce wa wurin, don abin da ya shiga ba ya dawowa da siffarsa. Baba Ranau yakan ce a bakin gaɓa ka yi yangarka yadda kake so, amma in ka kai tsakiya ka ba jirgi duk ƙarfin da Allah ya ba ka. In ka sassauta a tsakiya, ruwa zai kama kan jirgin ya juya shi, sai Maƙogwaro. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita kuwa ƙwaryar, ga yadda aikinta yake. Kullum da safe, kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya, sai a shimfiɗa katako daga gaɓa zuwa bakin jirgi, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. A cika ƙwarya da ruwa fal, matuƙi ya tallabe ta da hannu biyu, ya taka katakon ya je ya dawo. In ya dawo gaban rigarsa a bushe, bismilla. In ta jiƙe, ranar ba shi ba ruwa, ya je gindin bishiya ya yi hira da masu rake. Baba Ranau ne ya ƙirƙiro ta, kuma don kansa ya fara ƙirƙiro ta, domin shi ba ya ɓoye cewa ran kasuwa yakan zauna da tukunyar burkutu har sai ɗayansu ya ga bayan ɗaya. Washegari zai ɗauki ƙwarya kamar kowa, ta zube masa, ya zagi ƙwaryar, ya zagi katakon, ya zagi wanda ya sassaƙa katakon, sannan ya je ya zauna. Ban taɓa jin ya ce a sake ba. Yakan ce baki ya iya ƙarya, ido ma akan wanke shi, amma hannu da ƙafa ba su je wannan makarantar ba. Ba mashaya kaɗai take kamawa ba, ta kama mai zazzaɓi, ta kama wanda ya kwana ban ruwa a gonar shinkafa, ta kama wanda ya fito daga gida zuciyarsa tana tafasa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni. Ɗansa Sale yana zaune, na girme shi da kamar shekara goma, a lokacin ya musulunta har ya yi aure. Tsohon ya ce, “Idi, jirgi na Sale ne, Sale kuma naka ne. Kada ka bar shi ya shiga ruwa bai ɗauki ƙwarya ba.” Na ce na ji, na karɓa.

Bayan nan harka ta buɗe. Noman rani ya kankama, tumatir ya cika fadama, inji ya zo, gora ta koma abin tunkuɗa jirgi daga gaɓa kawai. Na tuna wani lodi da na yi a shekarun nan: kwandon tumatir goma sha takwas za su Kadawa, babur biyu a kwance, injin ban ruwa, tunkiya uku, da wani Alhaji da ya rantse shi ba nauyi gare shi ba alhali da ya taka sai da jirgin ya yi ajiyar zuciya. Fasinja kowa da halinsa. Mai tumatir so yake ka tashi sama don motar dillali tana jira, mai tunkiya so yake ka bi a hankali, matan da ke zuwa dashen shinkafa kuwa su salati suke fara yi tun kafin a tayar da inji. Shugabarsu Iya Talatu ita ce ke zaɓar jirgin da za su shiga, kuma kallon matuƙi take yi daga sama har ƙasa kamar za ta saye shi. Daga asuba har magariba ba hutu, shi ya sa samari suka fara neman abin ƙara ƙarfi. Wasu gadagi, wasu ƙwaya, ka ga yaro idonsa ya fito yana jan igiyar inji kamar da ita suka yi faɗa.

Sale bai bi ta nan ba, shi maganin tari ya zaɓa. Shekara biyar yana maganin tari, ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa jin ya yi tari ba. Shi wannan ba ya sa mutum gudu, kwantar da shi yake yi, magana a ja, ƙiftawar ido ma sai an yi shawara. Mutumin kirki ne Sale, ba ya faɗa da kowa, kuma a gyaran inji duk mashigin nan babu kamarsa, da kunne yake gane fulogi ya mutu. Amma ƙwarya takan kama shi sau biyu a mako, wani makon sau uku. Ya koma gindin bishiya yana kumbure-kumbure, ni in kwashe fasinjansa, da yamma mu shirya. Haka muka yi ta yi, ba daɗi amma kowa yana kwana a gidansa.

Sai wani jirgi ya kife a can wani gari mai nisa, aka yi asarar rayuka, rediyo ya ɗauka. Ba a yi wata guda ba sai ga kwamiti a mota uku. Suka tsaya can sama inda takalmi ba zai taɓa laka ba, aka tara mu. Shugabansu ya yi bayani mai tsawo, ya ce sun zauna sun gano cewa abu biyu ke kifar da jirgi, shaye-shaye da gudu, kuma mai shaye-shaye shi ne mai gudu, saboda haka in aka hana gudu an gama da shaye-shaye. Aka tafa. Aka kafa wancan allon, an rubuta dokar gudu da lamba, a ƙasa kuma da jan fenti: Sannu ba ta hana zuwa.

Na ɗaga hannu na ce ranka ya daɗe, jiragenmu ba su da mita, yaya za mu san mun wuce lambar nan? Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan suka ce ai da sauƙi, da agogo za a auna. Tsallakawar da muke yi a minti bakwai, daga yau kada ta gaza kwata guda, wato minti goma sha biyar. Suka ɗauko Malam Habu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin masinja, suka ba shi agogo da usur da littafi da kujerar roba. Wanda ya isa gaɓa kafin lokaci, mako guda ba shi ba ruwa.

Da ma na yi shiru a nan. Amma sai bakina ya ja ni, na ce mu ai muna da tamu dabarar ta gane wanda ya sha, na sauko da ƙwarya na nuna musu. Wani matashi a cikinsu mai tabarau ya yi dariya ya tambaya ko an taɓa yin bincike a kanta. Wani kuma da ya ji ta Bamaguje ce sai ya ja da baya, ya ce to wannan ruwan da ake cikawa kullum da safe a bakin kogi, wa ake ba wa? Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari cewa Idi kullum sai ya shayar da 'yan ruwa da ƙwaryar tsafi kafin ya fara aiki. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa Sale ne, ya ce shi ya bar kayan ubansa tun da ya yi shahada, ba mai mayar da shi. Masu gadagi suka mara masa baya, duk suka zama malamai rana ɗaya. Liman ya zo da kansa ya duba, ya ce shi ruwa ya gani da katako, bai ga laifi ba, amma maganar ta riga ta shiga cikin gidaje. Ran da na shiga masallaci na ga wanda ke kusa da ni ya ɗan matsa, na dawo na sauke ƙwaryar na kai ta ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Tsoron bakin mutane na ji, ba wani abu ba.

To ku ji yadda tuƙi ya koma. Tsakiyar kogi ba ta san da kwamiti ba, dole ka ba jirgi wuta ka wuce. Sai ka isa kusa da gaɓa da sauran minti takwas a hannunka, ka kama zagaye a bakin ruwa kamar agwagwa, fasinja suna ganin ƙasa ga ta nan amma ba halin sauka. Motar dillali tana oda, mai tumatir yana tsine maka, Malam Habu yana can tsallake ya ɗaga hannu yana kallon agogo. Masu gadagi su ma haka, su yi tserensu a tsakiya son ransu, su zo gaɓa su yi layi suna zagaye da mu, kowa mai bin doka. Ba zan yi wa dokar ƙarya ba, ta yi amfani guda: masunta sun huta da igiyar ruwan da yaran nan ke tayarwa a bakin gaɓa tana kifar musu da ƙananan kwale-kwale. Amma ko mutum ɗaya ban ga ya ajiye kwalba don an kafa allo ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Shi kuwa Sale, abin nema ya samu. Mutumin da da ma sai ya yi minti ashirin yana tsallakawa, yanzu ya zama gwani. Ba a taɓa busa masa usur ba. Da shekara ta zagayo kwamiti suka dawo, suka duba littafin Malam Habu, suka ba Sale satifiket na matuƙin da ya fi kowa bin doka. Shugaban ya dafa kafaɗarsa ya ce mu tsofaffi mu yi koyi da shi. Ana ɗaukar hoto yana barci a tsaye, mai hoton ya ɗauka tawali'u ne. Ya sa aka naɗe takardar a leda, ya kafa ta da ƙusa a goshin jirginsa.

Na same shi a gida na yi masa magana, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na tuna masa da abin da ubansa ya ce a gabansa. Na ce ko a ɓoye ne, a bayan gidana, ya riƙa ɗaukar ƙwaryar kafin ya fita, ba wanda zai sani. Ya yi murmushin nan nasa mai sanyi ya ce, “Yaya Idi, hukuma ce fa ta ce na fi ka iya tuƙi. Ni ina da takarda, kai me kake da shi?” Na tashi na tafi.

Daminar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarar. Ruwa ya yi yawa, madatsar ruwan da ke can sama ta cika ta tumbatsa, kogin ya hau har gindin allon, ya yi ja ya yi faɗi, yana tafe da ciyayi da rassan itace. Wata Alhamis da hantsi ina tsugune a jirgina ina canza fulogi, ba lodi, sai ga Iya Talatu da matanta goma sha uku za su tsallaka aiki. Jirgin Sale ne a kan layi. Na ɗaga kai na gan shi yana kwance igiya daga turke, sau uku yana kai hannu yana kuskure ƙullin, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a laka bai sani ba. Iya Talatu ma ta gani. Ta juyo ta ce, “Malam Idi, ƙanin nan naka lafiya kuwa?”

Mutane sun cika gaɓa, kowa yana jin mu. Na dubi Malam Habu, ya ce shi a littafinsa babu abin da ya hana Sale tuƙi. Da na so, da na taka na zare masa tiyon mai, ko in ce matan su jira ni minti biyar in gama. Amma na san abin da za a ce, mai ƙwarya ya fara hassadar mai satifiket. Na ce mata lafiya lau, haka yake tuƙinsa a hankali. Da bakina na faɗa, ta yarda da ni ta shiga.

Ya tashi sumul, gwanin sha'awa. Ina kallo har ya kai inda ya kamata ya ba jirgin wuta, ban ji muryar injin ta canza ba. Sai na ga kansa ya sunkuya, hannunsa ya saki, kan jirgin ya fara juyawa yana kallon ƙasa. Matan suka fara salati da ƙarfi. Ban san lokacin da na ɗaura fulogin ba, na ja igiya, na murɗe hannun inji har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba tun da na sayi injin. Ina jin usur ɗin Malam Habu a bayana yana ta busawa. Kafin in isa, jirgin ya daki kututturen da ke bakin Maƙogwaro ya kwanta a gefe. Allah ya sa kututturen ya riƙe shi. Na tarar da mata sun rirriƙe katako, Iya Talatu ta damƙe zanen wasu biyu da hannu ɗaya tana zagin su kada su saki. Masunta biyu suka iso, muka yi ta ja muna jefawa cikin jirgi kamar buhuna. Muka ƙirga, goma sha huɗu cif.

Sale ne babu. Da jirgin ya daki itacen ya sulale ta baya. Mutumin da aka haifa a bakin kogin nan, wanda tun yana tsirara yake tsallake shi da iyo, masuntan sun ce ko hannu ɗaya bai ɗaga ba. Sai washegari da la'asar muka same shi a kan yashi can ƙasa. Ni na yi masa wanka. Na yi kuka, kuma ban da kukan akwai kunya, don amana aka ba ni na tura ta ƙarƙashin gado.

Kwamiti suka dawo, wannan karon a mota huɗu. Aka buɗe littafi. Jirgin marigayi ya yi minti goma sha ɗaya bai gama rabi ba, saboda haka har ya kife yana kan doka. Suka ce tunda ba gudu ne ya jawo hatsarin ba, wannan ya nuna dokar tana aiki, abin da ya faru ƙaddara ce. Laifi ɗaya kawai aka samu a ranar, wani jirgi da ya kai tsakiyar kogi a minti biyu. Aka dakatar da ni mako biyu, don gudun ya yi muni. Malam Habu yana karantawa yana share hawaye, ya ce in yafe masa, abin da agogo ya ce ya rubuta. Kafin su tafi suka mayar da kwata ta zama minti ashirin, don ƙarin kariya. Da muka jawo jirgin Sale, satifiket ɗin yana nan a goshinsa, ledar ta yi aikinta, ko ɗigo bai taɓa takardar ba.

Ran da na dawo aiki na tarar da Iya Talatu da matanta a gaɓa, jirage biyar a jere babu wanda suka shiga. Rana tana yi, masu gona suna jira a tsallake, matuƙa suna ta lallashi. Da ta gan ni ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, “Ina ƙwaryar?” Na ce Iya, kin san abin da mutane suke cewa. Ta ce, “Mutanen sun sha ruwan Maƙogwaro? Ni na sha. Je ka ɗauko.”

Na je na zaro ta, na karkaɗe yanar gizo. Ita da kanta ta shimfiɗa katako, ta cika ƙwaryar fal, ta ce da ni za a fara. Ni da ban taɓa sa ko taba a bakina ba, na ɗauki ƙwaryar nan sau dubbai ban zubar ba. Na taka katakon, na kai tsakiya, sai idona ya faɗa kan turken da Sale yake ɗaure jirginsa. Ruwan ya zubo mini tun daga ƙirji har gwiwa. Ba wanda ya yi dariya. Ban ce a sake ba, na miƙa wa na bayana, na je gindin bishiya na zauna har magariba.

Tun daga ranar ƙwaryar take rataye a nan. Allon ma yana nan, Malam Habu ya tsufa ya daina zuwa, ba a aiko wani ba, akuya ta gaje wurin. Kai mai jar hula, kai ka ce rana ɗaya ta isa. Sauko da ƙwaryar ka cika, ga katako can. Ni zan fara, kai ka biyo baya.